Silif da Neman Ƙarfi: Farfaɗo da Injin Motar Daji Bayan Ya Buga

 

Shugaban wannan zama, ranka ya daɗe. Malaman sashen kanikanci da suka shirya taron, iyayenmu manyan makanikai da suka rufe gareji da safiyar nan suka taho, direbobi da masu motoci, da ɗalibai da yaran gareji da nake hangowa can baya a tsaitsaye, ina yi muku barka da zuwa. 

Batun da aka ɗora mini shi ne yadda ake tayar da injin motar daji da ya lalace ta hanyar sa masa silif, har a samu ƙarin ƙarfi. Idan na ce motar daji, ina nufin irin su Land Cruiser da Hilux da ke fita daga Agadas su nufi Dirku da Bilma, da tsofaffin Land Rover da ke hawa tsaunin Mambila, da motocin da ke kai allurar rigakafi ƙauyuka da damina. A cikin batun nan buƙatu biyu aka haɗa: gyara da ƙarin ƙarfi. Tun yanzu zan faɗa muku inda na tsaya, don mai ja ya shirya. Wajen gyara, silif abin dogaro ne. Wajen ƙarin ƙarfi kuwa, abin da yake bayarwa kaɗan ne, kuma ba kyauta yake bayarwa ba.

Na ɗaya: me ke kashe silinda?

Injin motar birni tsufa ke kashe shi. Na motar daji da wuya ya kai ga tsufa; ƙura da ruwa da zafi ne suke riga tsufan.

Duk litar fetur ɗaya da inji ya ƙona, sai ya shaƙi iska kimanin lita 9,000, na gas kuwa ya fi haka. To, ku auna wannan iskar a lokacin hunturu, ko a bayan wata mota cikin rairayi. Abin da ke tsakanin wannan ƙura da cikin inji takardar filta ce kawai. Mu kuma me muke yi mata? Mu kai ta wajen mai faci a buga mata iska har ta tsage, a mayar, a ce an yi sabis. Yashin da ya wuce sai ya gauraya da baƙin mai, ringi ya riƙa gurza shi a bangon silinda sama da ƙasa. Ranar da aka cire tof, sa farcenka a bakin silinda ka ja shi sama: za ka ji ya sarƙe da wata 'yar gaɓa, daidai inda ringin sama ke tsayawa. Ƙasa da gaɓar bango ya yi sumul yana ƙyalli, zanen gicciye da kamfani ya bar masa don ya riƙe mai duk ya shafe. Ramin da aka haife shi da'ira ya zama mai faɗi a sama, tsukakke a ƙasa. Daga nan sai shan baƙin mai, sai shuɗin hayaƙi, sai wuyar tashi da safe.

Ruwa kuwa ba ya jira. Injin gas na Land Cruiser da ake kira 1HZ yana matse iska fiye da ninki 22. Idan fistin ya kai ƙarshen sama, filin da ya rage bai wuce cc 32 ba, ko ƙaramin kofin shayin Buzaye bai cika ba. Direba ya faɗa rafi da gudu, ruwa ya bi ta bakin filta ya shiga. Iska tana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa. Sai kwanrod ya lanƙwashe, wani lokaci ya karye ya fasa bango.

Sai zafi. Fistin alminiyam ne, ya fi bango saurin kumbura. In ruwa ya ƙare a lagireto, sai ya cika ramin ya kama, ya bar dogayen karce da farin ƙarfensa manne a bango. A nan bari in ɗan ratse. Al'adar nan tamu ta cire tamostat da zarar mota ta shigo ƙasar, wai an yi shi ne don ƙasar sanyi, da zuba ruwan rijiya mai kanwa a lagireto, su ma suna da hannu a injina da yawa da ake saukewa. Na ga wasu iyayenmu suna murmushi. Za mu haɗu a wajen tambayoyi.

Na biyu: mene ne silif, kuma yaushe ake bukatarsa?

Silif bututu ne na ƙarfen zubi, wanda muke kira kas, da ake zurawa cikin bulok ya zama sabon bangon da fistin zai yi zirga-zirga a ciki, kamar yadda kube yake ga wuƙa. Iri biyu ne. Akwai jiƙaƙƙe, wanda ruwan sanyaya inji ke taɓa bayansa kai tsaye. Duk wanda ya yi aiki a kan Peugeot 404 da 504, waɗanda kamfaninsu na Kaduna ya cika ƙasar nan da irinsu tun daga 1975, ya san shi. Haka galibin manyan motocin dakon kaya. Wannan cire shi ake yi a sa sabo, da fistin da ringinsa a kwali ɗaya. Shi ya sa ogan Peugeot ke daka wa yaro tsawa idan ya juya karanshaf bayan an cire tof ba a danne silif ba: da ya motsa, hatimin gindinsa ya saki, ruwa ya gangara cikin baƙin mai.

Akwai kuma busasshe, siriri, wanda ake cusawa cikin ramin da aka gurza, ba ya ganin ruwa. Shi ne abin maganarmu yau, domin inji irin 1HZ bai zo da silif daga kamfani ba; jikin bulok ɗin ne silindarsa.

Ba kowane karce ke bukatar silif ba. Idan ciwon bai yi zurfi ba, borin ya isa: a faɗaɗa ramin da rabin milimita, a sa fistin mai girman haka, an gama, kuma ya fi araha, ya fi aminci. Silif na shigowa ne idan karcen ya zarce fistin mafi girma da ake samu, ko an riga an cinye borin na ƙarshe, ko bangon silinda ɗaya ya tsage alhali sauran bulok lafiya lau. A nan silif ke nuna amfaninsa: bulok ɗin da za a kai wa 'yan gwangwan ya koma girmansa na asali, fistin da ake samu a kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Panteka ya shige shi. Sau da yawa wannan ya fi sayen injin Beljiyam da ba ka san abin da ya gani a duniya ba. Amma tsagar da ta kai mazaunin mital na karanshaf, ko ta ratsa tsakanin silinda biyu, silif ba ya maganinta. Ku gaya wa mai mota gaskiya, ko da zai ɓata rai.

Na uku: lissafi.

Mai mota ya ce, "Oga, tunda an riga an buɗe, a ƙara masa girma mana, ya riƙa ja." To, mu lissafa a gabansa. Girman inji ya dogara ga faɗin silinda, da tsawon tafiyar fistin, da yawan silinda. Faɗin kuwa sau biyu yake shiga lissafi, wato ana ninka shi da kansa.

1HZ silinda shida ne, faɗi milimita 94, tafiya milimita 100, jimla cc 4,164, ƙarfinsa wajen doki 129. A ƙara faɗin da rabin milimita, an samu cc 44, kashi 1 cikin 100. A ƙara milimita ɗaya cur, an samu cc 89, kashi 2 cikin 100. Doki nawa ke nan? Bai kai uku ba. Wane direba ne a nan zai rantse yana jin bambancin doki uku a motar da aka lafta wa jarkoki da buhuna? Wannan motar idan ta hau Mambila, inda tudu ya haura mita 1,500, iska ta yi sauƙi, tana asarar kusan kashi 15 cikin 100 na ƙarfinta. Ina kashi biyun ya shiga?

Wani zai ce, ai na yi borin kuma na ji mota ta canza. Gaskiya ne, ta canza. Amma ƙarfin da ka ji, nata ne na asali da ke zurarewa ta gefen ringi ya dawo. Ba sabo aka ƙara ba.

Kafin a ji ƙarin girma a jiki sai an kai wajen kashi 10 cikin 100. Peugeot ta yi haka a 504: daga faɗin milimita 84 zuwa 88, inji ya tashi daga cc 1,796 zuwa 1,971. Milimita huɗu ko biyar ke nan ake nema. Daga ina za a samo su? Daga naman bulok. Abin da ke faruwa idan aka ci wannan naman kuwa, akwai kamfanin da ya riga mu gani.

Na huɗu: labarin injin Rover mai silinda takwas.

Wannan inji ɗan Amurka ne. Kamfanin Buick ya yi shi daga 1961 zuwa 1963, bulok ɗinsa alminiyam, sannan ya ajiye shi. Shugaban kamfanin Rover na Ingila a lokacin, William Martin-Hurst, ya gan shi a Amurka ya yi sha'awarsa, a 1965 Rover ta sayi izinin ƙera shi. Mutanen Ingila suka sauya yadda ake zuba bulok ɗin, suka riƙa cusa masa busasshen silif na kas. Da shi Range Rover ta fito a 1970. Faɗin silinda milimita 88.9, girma cc 3,528. A wannan girman ya yi suna wajen juriya, domin akwai wadataccen alminiyam a bayan kowane silif.

A 1989 aka so ƙarin ƙarfi, aka faɗaɗa silinda zuwa milimita 94. Girma ya koma cc 3,947, ƙarin kusan kashi 12 cikin 100. Daga baya aka tsawaita tafiyar fistin har aka samu mai lita 4.6 a Range Rover ta 1994. Ƙarfi ya samu, babu musu. Amma tazarar da ke tsakanin silinda da silinda ba ta ƙaru ba, saboda haka bangon alminiyam da ke tsakanin silif da ruwa ya sirance.

Ga inda matsalar take. Alminiyam yana kumbura da zafi kusan ninki biyu na kas. Abin da ke riƙe busasshen silif kuwa matsi ne kawai: ana yin sa ya ɗara raminsa faɗi da abin da bai wuce 0.05 zuwa 0.10 na milimita ba, kaurin gashin kai guda. Idan duka biyun suka ƙara zafi da digiri 100, ramin alminiyam mai wannan faɗin zai fi silif buɗewa da kusan 0.1 na milimita. Kun ga ke nan tafasa ɗaya mai kyau ta isa ta cinye matsin. Sai siririn bangon ya tsage a ɓoye a bayan silif, galibi kusa da ramin kusar tof, ruwa ya bi tsakanin silif da bulok ya hau sama. Wani lokaci silif ɗin kansa ya saki, ya riƙa motsi tare da fistin.

Alamunsa suna yaudarar makanike. Ruwa na raguwa, ba a ga inda yake zuba ba. Tiyon lagireto ya yi tauri tun inji bai daɗe da tashi ba. Ka kwance fulogi takwas ka jera a kan benci: bakwai da launin toka-toka na ƙuna, ɗaya fes kamar yanzu aka ciro shi daga kwali, domin tururi ya wanke shi. Inji in ya yi zafi sai ka ji ƙwas-ƙwas, in ya huce ya yi shiru. Sai a ce gasket ne. A canza gasket, a goge tof, bayan 'yan makonni mota ta dawo. A sake canzawa. Mai mota ya fara zargin makanike, makanike ya fara zargin mai sayar da gasket.

Maganin da masu gyaran injin nan suka tsaya a kai shi ma silif ne, amma mai baki. Ana yi masa leɓe a sama, kamar gefen malafa, a yanka masa mazauni a fuskar bulok. Idan aka ɗaure tof, gasket ya danne leɓen. Silif ba shi da hanyar sauka ko hawa, ruwan da ya biyo bayansa kuma ya tarar da ƙofa a rufe. Da wannan dabarar ake ceto bulok masu yawa, har masu tseren daji suna amfani da ita su faɗaɗa silinda fiye da 94. Amma ku lura, kamfani ne da injiniyoyinsa da ɗakunan gwajinsa ya ci milimita biyar, aka yi ta fama da abin har injin ya bar motocin Land Rover a 2004. Ni da kai, da injin borin da ya girme mu, nawa za mu ci? Kada garin neman ƙiba a samo rama.

Na biyar: aikin kansa.

Idan an yanke shawarar sa silif, farkon aiki wanki ne da bincike. A wanke bulok tas, a toshe hanyoyin ruwa a matsa masa iska a cikin ruwa a ga ko zai yi kumfa. Bulok na alminiyam gara a gwada shi da zafinsa, don wata tsagar sai ta ji zafi take buɗe baki. Mai niyyar faɗaɗawa lallai ya nemi na'urar da ke auna kaurin bango da sauti, domin zubin kamfani ba ya zama daidai ko'ina. Wani gefen ya fi wani kauri, ido kuma ba ya gani.

Sai awo. A auna silif da maikuromita a wurare da dama, sannan a gurza ramin daidai da shi. Ba a fara gurza rami a je neman silif daga baya. A bar 'yar gaɓa a gindin ramin inda silif zai zauna, ko a yanka mazaunin leɓe a sama. Silif da ba shi da abin tokara sama ko ƙasa, amanarsa ga Allah kawai take.

Wajen sawa ne ake gane gwani. A ɗumama bulok ko'ina daidai, ba a kafa masa wutar walda a gefe ɗaya ba. Silif kuma ya kwana a firiza, ko a sa shi cikin busasshiyar ƙanƙara mai sanyin digiri 78 ƙasa da sifili, in da hali. Ka ɗauko shi da safar hannu yana hayaƙin sanyi, ka daidaita bakinsa, ka sake shi. In awo ya yi daidai, zai zurma da kansa ko da ɗan turi, ka ji ya ce ƙwal a kan gaɓarsa. Cikin 'yan daƙiƙu zafi ya ratsa shi ya kama. Nan take a danne shi da nauyi har su huce tare, in ba haka ba yana iya ɗagowa kaɗan daga mazauninsa, ranar da aka ɗaure tof ya koma, gasket ya saki. Wanda ya ɗauko guduma da guntun katako yana dukan silif, ya riga ya ɓata da'irarsa. Kuma duk inda bayan silif bai manne da bulok ba, zafi ba ya wucewa, nan fistin zai fara kamawa.

Bayan haka a goge fuskar bulok ta zama ɗaya, a yi borin na ƙarshe, a bi da dutsen honin ya bar zanen gicciye. Matsin sabon silif yana iya tura maƙwabtansa, don haka a sake auna silindar da ke dama da hagu ko da ba a taɓa su ba. Fistin ɗin da za a sa shi ake kai wa mai borin ya auna, ba lambar da ke jikin kwali ba. Kowane ringi a zura shi cikin silindarsa a auna tazarar bakinsa. A rami mai faɗin milimita 94 ana neman wajen 0.3 zuwa 0.4 na milimita ga ringin sama, amma littafin injin shi ne alƙali. In bakin ya haɗe da zafi, ringi ya karye, an koma gidan jiya.

Yarana na baya, wannan naku ne: bayan honin, fetur ba ya fitar da garin dutse daga bango. Ruwan zafi da sabulu da buroshi, a yi ta wankewa har farin ƙyalle mai ɗan mai ya shiga ya fito fari. Wanda ya tsallake wannan ya zuba wa injin ƙurarsa ta farko da hannunsa.

Na shida: to ina ƙarfin yake?

Toyota da kanta ta ba da amsa. A 1990 ta fitar da 1HZ da ɗan'uwansa 1HD-T. Faɗi ɗaya, tafiya ɗaya, cc 4,164 dukansu. Amma na biyun yana ba da wajen doki 165. Ba a ƙara ko milimita ba. Turbo aka sa ya tura iska. Sai dai kamfanin bai tsaya nan ba: ya sauya fistin, ya sauya yadda nozul ke fesa mai, ya rage matsi zuwa wajen 18.6. Masu ɗaura turbo a kan 1HZ su buɗe famfon mai son ransu, su tambayi waɗanda fistin ya tsage musu.

A injin fetur kuma, faɗaɗa silinda yana ɗaga matsi ko ba ka nema ba. Injin da ke kan 9.35, ka ƙara masa kashi 12 cikin 100 ba ka faɗaɗa ɗakin ƙuna ba, ya haura 10. Da irin fetur ɗin da ake saya a galan a bakin hanya, ƙwanƙwasa zai fara, ita kuwa tana cin fistin. Ƙarin ƙarfi kuma ƙarin zafi ne, ga mota tana tafiya a giya ta biyu cikin rairayi, iska ba ta bugun lagireto. Duk wanda zai ƙara girman inji, kuɗin lagireto da fanka da famfon ruwa su shiga lissafinsa tun farko. Ga wanda abin da yake so shi ne mota ta ja kaya a yashi, sau da yawa gyaran nozul, daidaita lokacin famfo, sabuwar filta, da komawa tayoyi masu girman asali sun fi milimita biyu na borin tasiri. Mai tsere da ke da motar ja a bayansa yana iya cin bango yadda ya ga dama. Direban da ke tsakiyar hamadar Tenere, rijiya mafi kusa tana da nisan yini, ni dai ba zan sirance masa bango ba ko ya roƙe ni.

Ranka ya daɗe shugaba, na ga an ɗago mini agogo, nan zan dakata.  Allah ya sa albarka a sana'a, ya kiyaye hanya. Mai tambaya ko gyara, bismillah. Masu maganar tamostat, ku nake so ku fara.